Danƙon Zuhura

A shekarar da fari ya ci ya ƙoshi a ƙasar Mayahi, har mutane suka daina duban sama don kada ransu ya ɓaci, akwai wani direba Ƙadri mai tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda yake kira Goɗiya. Ba wata kyakkyawa ba ce. Ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, allurar da ke nuna isansi, wato fetur, kuwa ta mutu tun zamanin farar hula, saboda haka da karan gero yake auna mai: ya buɗe murfin tanki, ya zura kara, ya zaro ya dubi inda ya jiƙe. Amma a shekarun nan na yunwa babu abin da Goɗiya ba ta ɗauka ba. Ta ɗauki jar dawar taimako zuwa ƙauyuka, ta ɗauki fatun matattun shanu zuwa Tasawa, ta kwashi mutanen da suka bar garuruwansu da tabarmi da tukwane, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba sai dab da faɗuwar damina, lokacin da ya fi bukatarta.

Ciwon nata mai rainin hankali ne. A cikin gari lafiyarta lau, daga kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa gida, ko tari ba ta yi. Da zarar ta bar gari ta ɗan miƙe hanya, sai ta fara shessheka, ta fizga, ta fizga, ta mutu murus. Ƙadri ya sauko ya ɗaga kapo, murfin inji, ya hure wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya zagaya baya ya auna mai da karansa ya ga akwai shi, ya dawo ya murɗa makulli, ita kuwa ta tashi kamar ba ita ba. Kowane karo sai ya ɗauka abin da ya taɓa a gaba ne ya gyara ta, ya shiga yana murna, su ɗan taɓa tafiya ta sake yi masa irin ta ɗazu.

Ya kai ta wurin Ɗan Malam, makaniken da ke ƙarƙashin dogon yaro a bakin tasha, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba. Da farko Ɗan Malam ya ɗora laifin a kan isansin kwalba, wanda ake satar shigowa da shi tun da aka rufe iyakar Najeriya, ya ce rabinsa datti ne, ya sauya filtir. Ta ƙi. Ya kwance karbirata ya wanke ta tas, ya shanya kayan cikinta a kan buhu. Ta ƙi. Ya ciro famfon mai daga wata matacciyar mota ya ɗaura mata. Duk gyaran da ya yi sai su zagaya kasuwa da ita, ta yi ta gudu tana rawar jiki, Ɗan Malam ya goge hannu ya ce ai ya gama da ita. A karo na ƙarshe da Ƙadri ya dawo fuska a murtuke, makaniken ya sosa ƙeya ya ce shi fa yana ganin wannan ba aikin ƙarfe ba ne, baki ne ya kama ta, a nemi rubutu a yayyafa.

Da don kansa ne kawai, da Ƙadri ya haƙura ya ci gaba da ɗaukar kayan cikin gari. To amma akwai Rijiyar Gawo, ƙauyensu da ke can gaba da Atantane, inda mahaifiyarsa take tare da yayansa Sale. Mutanen Rijiyar Gawo sun yi abin da manomi ba ya yi sai wuya ta kai wuya: sun cinye irin shukarsu. Sun ci dusa, sun ci ganye, sun tona gidan tururuwa, daga baya suka sauke damin da aka keɓe don shuka suka daka wa yara. Rabin mazan garin sun tafi bida ba su dawo ba. Sale yana cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Zuwan Ƙadri na baya, Sale ya ja shi bayan rumbun da babu komai a ciki ya faɗa masa a fili.

“In ruwan hwarko ya wuce ba mu yi shibka ba, ni kam na gama da garin ga. In kwashe Inna da yara mu yi kudu, kuma ba ni komowa.”

Ƙadri ya san Sale ba ya maganar banza. Ya kuma san Inna, wadda aka kawo garin tana amarya, ta binne miji da 'ya'ya a can, in aka ɗauke ta daga gidan nan ba za ta daɗe ba. Wannan ne abin da yake ci masa rai, ya fi tarin Goɗiya sau nawa.

Sai ga shi gwamnatin soja ta sauke iri a magazan na Mayahi, babban ɗakin ajiyar hatsi, kowane gari da rabonsa. Ana cikin shirin rabo kuma Allah ya saki ruwa, ruwa na gaske, tun daga Mayahi har arewa. Da gari ya waye, ƙasa tana ƙamshi, wani mai raƙumi ya iso da saƙon Sale: ƙasa ta sha, suna jiran iri. Duk wanda ya tashi a ƙasar yashi ya san abin da wannan saƙo yake nufi. Laimar ruwan farko ba ta jiran kowa. Rana tana ɗagawa tana shanye ta daga sama tana yin ƙasa, in ta wuce inda sungumi yake kaiwa, shi ke nan sai a jira wani ruwan, wanda a shekarun nan babu mai rantsuwa zai zo.

Babu wata motar da za a samu, duk mai ƙafa huɗu an riga an kama ta. Ƙadri ya kai Goɗiya bakin magazan, wani sajan yana tsaye ana lodi, yana ta nanata cewa irin nan an barbaɗe shi da jan magani, na rami ne ba na tukunya ba. Ana gama ɗaure buhuna sai ga Zuhura, matar Ƙadri, da ƙullin kaya a kai, ta bar 'yarsu Lailatu wurin maƙwabta. Ya ce ina za ta. Ta ce shuka hannu take so, kuma wa ya rage a Rijiyar Gawo da zai bi bayan sungumi yana zuba iri? Bai yi musu ba, don ya san ba zai ci ba.

Ita Zuhura mace ce da farin nan ya koya wa ƙin yoyo. Tun da rijiyoyi suka yi ƙasa, ruwa ya zama abin da ake bin layi tun asuba a samu tulu guda, ba ta iya ganin abu yana ɗiga ta wuce. Kullum akwai curin danƙo ƙulle a gefen zanenta. Tulu ya tsage, ta murza danƙo a tafin hannu ya yi laushi ta liƙe. Ƙwarya, guga, kwanon sha, butar alwala, babu wanda bai ɗauke da tambarin babban yatsanta ba. Matan unguwa suna tsokanarta cewa kada a yi hamma kusa da ita. Ita kuwa ko a jikinta, don a gidanta ne kaɗai ruwan safe yake kai yamma.

Suka kama hanya hantsi bai gama ɗagawa ba. Hanyar ta yi daɗi, yashi ya kwanta, taya ba ta nutsewa. A gonakin da ke gefen hanya waɗanda suka yi sa'ar iri har sun fita, maza a gaba suna sara, mata a baya suna zubawa. Ƙadri yana tuƙi amma kunnensa yana kan inji. Sun bar Mayahi a baya, sun wuce wani fako, sai ya ji abin da yake tsoro. Goɗiya ta yi tari guda, ta fizga, ta yi shiru, suka gangara a hankali suka tsaya.

Ya sauko yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya cire filtir ya hura, ya ga tsaf yake, amma don kada ya zama shi ne, ya cire shi gaba ɗaya ya haɗa tiyo da tiyo. Ya zagaya baya ya auna mai, yana nan. Kafin ya shiga sai ya durƙusa a gefen hanya ya tura yatsa cikin ƙasa. Sama-sama ta fara yin fari, amma gaɓa ɗaya ƙasa da nan akwai sanyi. Ya murɗa makulli, ta tashi. Ya ce wa Zuhura ai filtir ne, sabon da Ɗan Malam ya sa ne ba shi da kirki.

Ba filtir ba ne. Sun ɗan wuce Atantane ta sake mutuwa, a fili fetal, babu ko inuwa. Wannan karon ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya sa baki ya zuƙa. Da ƙyar man ya zo, kamar ana riƙe da shi daga can ciki, da ya zo kuma ya cika masa baki har maƙogwaro. Ya tofar, ya yi ta kaki, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce lalle wani datti ne yake yawo a cikin tanki yana toshe bakin tiyo. Ya buɗe murfin, ya zura kara ya motsa, ya kasa kunne, bai ji komai yana yawo ba. Ya mayar da tiyo da murfi, ya tura hannu cikin ƙasa. Yanzu sai da yatsa ya shige duka kafin ya taɓa laima.

Zuhura ta miƙo masa ruwa ya kurkure baki, ta ce a hankali ko za su tsayar da masu amalanke su ɗauki ko buhu biyu su yi gaba. Ya daka mata tsawa, ya ce wane jaki ne ya rage a ƙasar nan da zai kai kaya Rijiyar Gawo kafin gobe, ta bar shi ya ji da abin da ya dame shi. Ta karɓi ruwanta ta koma cikin mota. Shi ma ya ji kunyar kansa, amma ba lokacin ba da haƙuri ba ne, sai ya murɗa makulli kawai, motar ta tashi.

Mutuwa ta uku ta same su rana tana tsaka. Ƙadri bai ma ɗaga kapo ba. Ya zauna a kan taya ya dafe kai, yana jin zafi yana dukan ƙeyarsa, ya san irin dukan da yake yi wa gonar ubansa ke nan a wannan lokacin. A ransa ya ga Sale tsaye a bakin hanya yana duban kudu, ya ga Inna. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a lokacin da ya kwana uku da lodi a daji.

Can sai ya tuna wata dabara da ya taɓa gani wurin direbobin Agadas. In tanki da famfo sun ƙi, sai a raba su da aikin: a sa mai a bido, wato jarka, a ɗora a kan rufin mota, a ja tiyo daga can kai tsaye zuwa karbirata, man ya gangaro da kansa. Yana da bidon roba na man girkin taimako da babu komai a ciki. Ya zuƙo isansi daga tanki ya cika shi, ya huda murfin da wuƙa, ya zura tiyo har ƙasa, ya toshe hanyar famfo, ya ɗaure bidon a kan rufi. Hujin ya ɗan fi tiyon faɗi, amma bai damu ba. Ya ce wa Zuhura ta hau baya ta zauna kan buhuna ta riƙe bidon da hannu biyu kada ya kife. Ta tattare zane ta hau.

Dabarar ta ci. Goɗiya ta tashi da murya garau, ta kama hanya. Ƙadri ya ji zuciyarsa ta sauko, har ya fara tunanin yadda zai kwatanta wa Ɗan Malam abin a gaban jama'a. A baya kuwa hanya ta fara gargada, kuma duk ramin da suka faɗa sai isansi ya yi tsalle ta gefen hujin nan ya fantsamo, wani a hannunta, wani a kan buhun iri. Zuhura ta duba, ranta bai so ba. Ga mai yana tafiya a banza, ga iri yana jiƙewa da abin da ba ta san ko zai kashe shi ba. Ta danne bidon da ƙirji, ta kwance gefen zane da hannu ɗaya, ta murza danƙo, ta zagaye tiyon da shi ta shafe tsaf. Ko ɗigo bai ƙara fita ba, ta ji daɗin aikinta.

Ba su yi nisa ba sai ta ji bidon yana motsi a hannunta. Gefensa ya fara lotsawa ciki, kamar cikin akuyar da ta kwana ba ta ci ba. Ta buga rufin motar da tafin hannu.

“Baban Lailatu, bidon ga shina motsewa.”

Kafin ya amsa, inji ya yi tarin nan da ya sani, ya fizga, ya mutu.

Ƙadri ya fito jiki a sanyaye ya taka taya ya hau. Ga mai fiye da rabi a cikin bido, ga tiyo lafiya lau, ga bidon ya shige ciki ta kowane gefe kamar wani ƙato ya matse shi. Ya dubi murfin ya ga danƙo. Ya sa farce ya ɓamɓare gefe guda, sai bidon ya ja wani dogon numfashi, fuuu, ya buɗe ya koma yadda yake, man ya ci gaba da gangarawa cikin tiyo.

Ya tsaya da ɗan guntun danƙon a farcensa bai motsa ba. Ya san wannan ƙarar. Ya sha jin ta a 'yan makonnin nan, duk lokacin da ya buɗe tanki zai auna mai, yana ɗauka zafin rana ne kawai. Kuma duk mutuwar da Goɗiya ta yi, ko me ya taɓa a gaba, bai taɓa murɗa makulli ba sai ya fara zagayawa baya ya buɗe murfin nan ya zura karansa. Ashe ba hure-hurensa ba ne suke tayar da ita, buɗe murfin ne.

Ya sauko ya je ya kwance murfin tanki, ya juya shi a rana. A tsakiyarsa akwai wani ɗan huji da bai wuce na allura ba, wanda bai taɓa kula da shi ba tun da ya mallaki motar. Yanzu babu shi. An cike shi da danƙo an shafe sumul, ƙura ta hau kai ya saje da ƙarfe, sai dai in ka karkata shi ka ga zanen babban yatsa.

“Zuhura, wa ya liƙe wanga rami?”

Ta leƙo daga kan buhuna, ta duba, ta ce ita ce, da muryar wadda take jiran a gode mata. Wata rana da tsakar zafi tana shara kusa da motar ta ji warin isansi, ta bi warin har murfin, ta ga ɗan rami da jiƙa kewaye da shi. Ta ce a ranta abin da mutum yake shan wahala ya samo a kwalba shi ne yake tafiya iska a banza. Ta liƙe, kuma ba ta ga abin faɗa a ciki ba, kamar yadda ba ta faɗa masa in ta liƙe buta. Ya tambaye ta yaushe. Ta ce ana gobe sunan gidan maƙwabcinsu Alkasim. Ƙadri ya lissafa a ransa, washegarin sunan ne Goɗiya ta fara mutuwa a hanyar Tasawa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tuna yinin da ya yi ta ɓatawa a gindin dogon yaro, da isansin da ya sha, da rabin ranar nan da ta tafi, ya buɗe baki zai zazzage mata duka. Sai ya ga fuskarta. Ta riga ta gane, tana duban bidon tana duban murfin, hannunta a kan baki. Hannun kuwa duk ya yi fari da isansi, ya tsattsage, shi ne hannun da ya sa 'yarsu ba ta taɓa kwana da ƙishi ba a shekarar da yara suka yi ta mutuwa. Ya fasa faɗan. Ya yi mata magana a hankali.

“Wanga ba yoyo ba ne, hancinta ne. Mai na hita, iska na shiga ta nan. In an toshe, hwamhwo shi ja, shi ja, har shi gaji.”

“Ke nan in irin ga ya makara, ni ce,” in ji ta, hawaye yana zubo mata.

“Bai makara ba tukuna. Miƙo mini ƙaya.”

Akwai aduwa a gefen hanya. Ta sauko ta karyo ƙaya mai tsini, ta ce ya bari ita ta yi. Ta tsokale danƙon da kanta, ta hura, ta ɗaga murfin sama har ta ga ɗigon haske ta ciki, sannan ta ba shi. Ya mayar da tiyo inda yake, ya mayar da filtir ɗin da ya zarga a banza, ya juye man bido cikin tanki. Bai tura hannu cikin ƙasa ba wannan karon, ba ya son ya sani.

Suka tashi. Duka biyun inji suke sauraro. Suka yi tafiyar da Goɗiya ta saba mutuwa a cikinta, ba ta yi tari ba. Suka ƙara kamar haka, ta hau wani tudun yashi tana gurnani ta sauka, ko gezau. Ƙadri ya saki dariyar da bai shirya ba, ya ce Ɗan Malam ya yi gaskiya da ya ce baki ne, sai dai bakin tanki ne ba na mutane ba, kuma wallahi ba zai gaya masa ba sai ya sa shi ya ƙara wanke karbirata. Zuhura ta goge ido da gefen mayafi, ta ce kada ya kuskura ya kai sunanta tasha.

Sun shiga Rijiyar Gawo bayan azahar, rana ta fara karkata. A ƙofar gidansu amalanke ne a tsaye, an ɗaura wa ragowar jakin Sale, wanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. An ɗora tabarmi da tukwane da akwatin Inna, an ɗaure, sungumi da hauya a can sama. Sale ya tsaya a bakin hanya tun safe, da rana ta raba ya juyo ya fara lodi. Inna kuwa tana zaune a kan turmi a ƙofar ɗakinta, shi kaɗai ba a ɗora ba, don ta ƙi tashi daga kai.

Jin ƙarar mota, mutanen gari suka firfito, tsofaffi da mata da 'yan mazan da suka rage. Sale bai zo da sauri ba. Ya gaisa da ƙanensa, ya dubi buhunan, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, wadda ta yi fari fat kamar ba a yi ruwa ba.

“Kun makara, Ƙadri. Zuba iri cikin wagga ƙasa, ɓarna ce.”

Ƙadri ya dubi ƙasar shi ma. Ya san saman ƙasa ba shi ne hukunci ba, amma shi direba ne, Sale ne manomi, kuma bai da bakin da zai yi masa gardama a kan gona. Sai Inna ta tashi daga kan turmi. Ta dogara sandarta ta ratsa tsakaninsu ba ta kalli kowa ba, ta fita ta bayan gida zuwa gonar mijinta, jama'a suka bi ta. A tsakiyar gona ta durƙusa da ƙyar, ta share busasshen yashi da gefen hannu, ta tona. Yatsu suka shige, tafin hannu ya shige. Ta damƙo abin da ke can ƙasa, ta miƙa wa babban ɗanta.

Sale ya karɓa ya matse a hannunsa, ya buɗe. Yashin ya tsaya a dunƙule, mai duhu, da shatar yatsunsa a jiki. Ya daɗe yana dubansa. Ya ce zurfin ya kusa wuce sara. Inna ta ce to sai ya sara da ƙarfi, ai ba tsufa ya yi ba.

Ya juya ya koma gida. Ƙadri ya bi shi da ido, bai san ko jakin zai kora ba. Sale ya tsaya gaban amalanke, ya kwance igiya, ya sauko da sungumi, ya ce wa mutane me suke jira, a sauke buhuna a raba, kowa ya nufi gonarsa kafin rana ta ƙarasa abin da ta fara.

Kafin la'asar gari ya watse cikin gonaki. Sale yana gaba yana tafiya yana sara, kowane taki da rami, yana nutsa sungumin fiye da yadda ya saba har baƙar ƙasa ta fito. Ƙadri, da hannunsa ya manta aikin, ya ari wani sungumin ya kama layi na biyu, yana haki. Inna ta sa aka kawo mata turminta bakin gona ta zauna tana gyara musu layi da sanda. Zuhura tana bayan Sale da ƙwaryar iri, wadda ita ma akwai tabon danƙo a gindinta, yatsunta sun yi ja da maganin, tana ɗiba tana jefawa, tana rufewa da diddige tana dannawa.

Da layinsu ya zo daidai, Ƙadri ya tsaya ya share gumi, ya rage murya yadda Sale ba zai ji ba.

“Waɗanga ramun kam rufe su duka, Zuhura. Kada ki bar ko ɗaya.”

Ta harare shi, dariya tana neman ƙwace mata, ta jefa iri a rami na gaba ta danne shi da diddige, ta bi bayan sungumi.